Suruki a Teburin Mai Shayi

A kasuwar Sheme Sha'ibu ya fara ganin Lauratu, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika gari. Tana tsaye bayan mahaifinta, Malam Mani, tana roƙonsa ya ajiye kofin shayi. Sha'ibu ya kashe sabon babur ɗinsa, ya manta abin da ya zo saye.

Da ya fara zuwa zance garinsu Tafoki, kullum da kayan gaisuwar Baba yake zuwa: kwalin suga, madarar gwangwani, lemon kwalba. Washegari a maido masa da su. Ga shi sau da yawa sai ya tarar da keken Maharazu, nas ɗin da ke zuwa daga Faskari, jingine a zaure, dariyar Lauratu na tashi daga cikin gida.

"Lauratuna, ni a maido mini kaya, shi a shimfiɗa masa tabarma?"

"Baba ciwon suga gare shi, na sha faɗa maka. Auna tuwo yake koya mini."

"Auna tuwon ne abin dariya?"

"To, in ya zo zan riƙa kuka, mai babur."

Da manyan Sha'ibu suka je tambaya, Malam Mani ya ce ba yanzu ba. In ta tafi, wa zai tsare masa abinci? Sha'ibu ya ɗauka nas ake ajiye wa ita. Ya tare Maharazu a hanya.

"Malam nas, in sonta kake, ka fito fili."

Maharazu ya sauko daga keke. "Dama kai nake nema. Baba ya iya gwada fitsarinsa da kansa, ya rage tuwo, yana takawa gona. Ban hana shi komai ba, shi ke zaɓar abin da zai bari, ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa ce ke kayar da shi, a teburin mai shayi. Na tambaye shi gaban wa ba zai iya kai kofi baki ba. Ya ce sai gaban suruki."

"Kai ne surukin ke nan?"

"Ni a gabana kofi biyu ya shanye."

Daga nan, duk ranar kasuwa, Malam Mani na zama Sha'ibu zai durƙusa gabansa. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, har shayin ya huce.

"Yaron nan ba shi da sana'a ne?" in ji Malam Mani a gida. Lauratu ta rufe baki da mayafi.

Wata rana tayar babur ta fashe, Sha'ibu ya makara. Ya iso da gudu, ya hango tsohon da kofi a baki. Ya yi kan teburin zai durƙusa.

"Kwantar da hankalinka," in ji mai shayi. "Ba suga. Shi da kansa ya ce kada in sa."

Malam Mani bai dube shi ba. "Ka gaya wa manyanka su dawo. Na iya tsare kaina."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Sha'ibu da kansa ya gayyato Maharazu, amma can cikin dattawa ya zaunar da shi.

"Har yau kishin ne, angona?" in ji Lauratu da labari ya iso mata.

"Har gobe, amaryata."

Malam Mani ya sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, shi kuma Allah ya ƙara masa lafiyar ganin jikoki.