Wuƙar Irene

Odessa Bramlett na goge shuɗiyar rigarta a kicin sai aka buga ƙofa. Gwen ce, 'yar Lowell Pruitt, dattijon da ke neman Odessa da aure. Ko zama ba ta yi ba.

"Misis Bramlett, na ji yau Baba zai kai ki gidan gasa nama."

"Haka ne, 'yata. Zauna ki sha kofi."

"Ni ba 'yarki ba ce! Teburin da za ku zauna a kai na mahaifiyata ne, duk Juma'a can suke cin abinci tun ina goye. Saura me? Ki ɗauki wuƙarta ki yanka nama?"

A wannan tsohon gidan gasa nama na tsakiyar birnin Omaha, duk wanda ya daɗe yana zuwa akan sassaƙa masa suna a jikin wuƙa, a ajiye a kabad ɗin gilashi na bakin ƙofa. Ta Irene, mahaifiyar Gwen, na nan kusa da ta mijinta, rasuwarta ba ta sa an cire ba.

Daga nan Gwen ta wuce gida ta ce wa ubanta Odessa ta fasa, kanta ke ciwo. Ƙarya tsagwaronta, kuma daga bakin uwar 'ya'ya biyu!

Da yamma Odessa ta hau bas ta je. Chester, tsohon ma'aikacin gidan, ya kai ta teburin Pruitt, ya kawo wuƙaƙe biyu yadda hannunsa ya saba. Ta duba wadda ke gabanta, ta ga an rubuta Irene.

Ta jira. A teburin kusa ana bikin zagayowar aure, ana dariya, ita kuma kujerar gabanta babu kowa. Duk buɗe ƙofa sai ta ɗaga kai. Don kunyar zama haka ta ce a kawo abinci. Aka kawo nama mai kauri yana tururi, da gasasshen dankali da man shanu. Tururin ya ɗauke, man ya daskare, ba ta taɓa ba.

Can sai ga Gwen, ta zo ɗauke wuƙar ta kai gida. Chester ya ce, "Ai tana kan tebur."

Ta nufi teburin a fusace. "Dama na faɗa! Har kin—"

Sai idonta ya sauka kan farantin. Naman na nan yadda aka kawo shi, wuƙar kuma tsaf a kan farin ƙyalle.

"Me ya hana ki ci?"

"In na yanka da ita, na zauna a wurin mahaifiyarki. In na ce a ɗauke, na kore ta daga teburinta. Shi ya sa nake jiran babanki."

"Ba zai zo ba. Ni na ce masa kin fasa."

Odessa ta share ido da bayan hannu. "To zauna. Kin san yadda take son namanta? Ni ban taɓa ganinta ba, ki ba ni labarinta."

Gwen ta zube a kujerar tana kuka. Da ta natsu ta buga wa ubanta waya. Lowell ya iso a tasi da takalmin zaman gida a ƙafarsa.

"Ashe ciwon kan ya sauka, Odessa?"

"Kaina lafiya lau, nama ne ya yi sanyi."

Chester ya ɗauke farantin. "A gidan nan ba a ɗumame, Mista Pruitt. Sabo zan kawo."

An ɗaura aure a lokacin kaka, kuma wuƙaƙe uku ne yanzu a jere. Haƙuri ne ya ba Odessa abin da gardama ba za ta ba ta ba, domin mai girmama wanda ya rasu ba ya ƙwace wa rayayye komai. Yara su riƙe wannan.

Amma da sauran magana. Gwen ce ta sa aka yi wuƙa ta uku, kuma an rubuta Odesa, harafi ɗaya ya ɓace. Odessa ta ce ba komai. Ni da na koya wa Gwen rubutu a aji uku na ce da komai! Matar da ta zauna da yunwa don mutuncin sunan wata ta cancanci nata cikakke. Gwen, je ki a gyara.