Tukunya Yau, Murfi Gobe

Hasiya ta ci amanar ƴar uwarta Raƙiya. Ba boka ta je ba, ba tsegumi ta kai ba. Da tukwane ta yi aikinta, da murafansu.

"Wa ya dafa wannan?" Raƙiya ta tambaya, murfin kula a hannunta.

Mijinta Alƙasum ya tsaya a bakin ƙofa da makullin moto, babur ɗinsa.

"Kula kika aike ni ɗaukowa, amaryata, ga ta."

"Kula na ce! Ban ce da dambu a ciki ba!"

"Hasiya ce ta zuba. Wai kada kwano ya shiga ɗakin amarya ba komi..."

"Rabin da babu fa? Wa ya ci?"

Ya sunkuyar da kai.

Sati shida ke nan da aurensu. Ɗaki guda suka kama a wani gidan haya cikin Tawa, taku biyar tsawo, huɗu faɗi. Ranar jere mota ta zo daga Affala maƙil da kayan ɗaki. Gado ya shiga, armuwar ta ajiye tufafi ta shiga, sauran kaya suka tsaya a tsakar gida mata suna kallo. A nan Hasiya, ɗiyar Kawu Arzika, taubashiyar Raƙiya, ta ce gidansu akwai ɗakin ajiya, a kai can, duk abin da amarya ta buƙata sai ta aiko. Kowa ya sa mata albarka.

Amarya ba ta yawon gari. Alƙasum kuwa ɗan kabu-kabu ne, moto na ƙarƙashinsa wuni guda. Shi ya zama ɗan aike.

In an aika ɗaukar tukunya, sai ta zo ba murfi. Gobe ya koma ɗaukar murfi, a ba shi na wata tukunyar. Turmi ya zo ranar Litinin, taɓarya sai Alhamis. Kowane zuwa kuma akwai tabarma a inuwa, akwai shayi, akwai "mijina, zauna ka huta, rana ta yi zafi." Wasan taubasai ne, in ji ta. Ƙarya take yi.

Shi ma Alƙasum ba zan wanke shi ba. Namijin da aka shimfiɗa wa tabarma sau ashirin ya san ba don murfi ake yi ba.

"Sau nawa ka je gidan su Hasiya?" Raƙiya ta ce. "Ni na ƙidaya. Sau ashirin da ɗaya!"

"Ke kike aikena."

"Na aike ka ka zauna? Ka duba rigarka, turarenta ne a jiki, ba nawa ba!"

"Raƙiya, ki ji tsoron Allah."

"Mi take ce maka? Faɗa mini mi take ce maka da har dariya ke biyo ka gida!"

"Ba ta ce mini ɗakina akurki ne," ya ce a hankali. Ya juya ya tada moto.

Maganar ta zauna mata a ƙirji, domin ita ta faɗe ta. Ba sau ɗaya ba.

Ta kira mahaifiyarta a waya tana kuka, ta ce a zo a mayar da kayan Affala, ko a sayar.

"A sayar?" Inna ta ce. "Shekara huɗu ina tara kwanukan nan. In suka dawo garin nan, mi zan ce wa mata? Mijin ɗiyata ba shi da wurin ajiye tasa? Tun farko na ce yaron nan bai shirya ba, kika nace. Ko ki zauna ko ki taho, amma kaya ba su dawowa."

Raƙiya ta jawo akwati ta fara zuba tufafi. Kishi ya rufe mata ido. Tana ganin Hasiya tana miƙa masa kofin shayi, yatsunsu suna haɗuwa. Tana ganinsa yana dariya da baki buɗe, irin dariyar da ya daina yi a ɗakin nan.

"Ina zuwa, ɗiyata?"

Tanna ce, tsohuwar Buzuwa mai haya a ɗakin kusa, ta ɗaga labule. Ta ji komi, bangon gidan ba ya riƙe magana.

"Gida, Inna Tanna. Ɗakin nan ba ya ɗaukata da kayana."

Tsohuwa ta shigo, ta dubi ƙasa, sannan ta ɗaga kai ta dubi azara ta daɗe.

"Ku ƴan gari ƙasa kaɗai kuke gani," ta ce. "Ni shekara talatin na yi cikin bukkar fata, arewa da nan. Ɗiya shida, miji, kayanmu duka, jaki biyu ke ɗaukarsu. Abin da ke taɓa ƙasa a bukkata ƙafa ce da ƙafar gado. Wannan sama duka wa kika bar wa? Gizo-gizo?"

"To ya zan yi?"

"Kawo igiya. In kin tahi Affala yau, gobe dambu ba cikin kula zai zo ba, da ƙafarsa zai shigo."

Raƙiya ta rufe akwatin da ƙarfi.

Da la'asar Alƙasum ya dawo ya tarar da ita bisa turmi, tana ɗaura ragaya ta uku a jikin azara, zufa na zuba. Turmin ya gusa. Ya yi tsalle ya tare ta.

"Ki kashe kanki saboda tukunya?"

"Sake ni! Ka je can inda ake da inuwa."

Bai sake ta ba.

"Raƙiyata... kunya nake ji. Tun ranar jere, da na ga kayanki zube a waje mata na raɗa. Hasiya ta ce mini ke ɗiyar babban gida ce, ba ki wuce wata uku a nan. Ta ce ita ko rumfa aka sa ta za ta zauna."

"Ka yarda?"

"Na saurara. Laifina ke nan."

Hawaye suka zubo mata. "Ni ma bakina ya yi laifi. Ɗakin nan nawa ne, masoyi. Ba na barin sa, kuma ba na barinka ga mai dambu. Sauke ni, ka je ka nemo tubali goma sha biyu."

Kwana uku suka yi suna aiki. Suka ɗaga gado bisa tubali, akwatuna da manyan tukwane suka samu wuri a ƙarƙashi. Ya kafa katako biyu sama da ƙofa. Tanna ta ɗinka jakunkuna daga buhun shinkafa aka rataya bayan armuwar, ta koya wa Raƙiya sa ƙaramar samira cikin babba har bakwai su zama ɗaya. Alƙasum ya buga kansa da ragaya sau biyu. Dariyar da ya yi, a ɗakinsa ya yi ta.

Ranar Juma'a da hantsi Raƙiya ta hau bayan moto, fitarta ta farko, suka je gidan Kawu Arzika.

"Na zo kwashe kayana duka," ta ce bayan gaisuwa.

Hasiya ta yi murmushi. "Duka? A ina za ki zuba su, bisa kan mijina? Makulli ma ya ɓace. Ya dawo gobe."

"Ba ya dawowa."

Kawu Arzika yana zaune yana jinsu. Ya tashi ya sa guduma ya fasa kwaɗon ɗakin ajiyar. Tukwane na nan jere, ko ɗaya ba murfi.

"Ina murafan?" ya ce.

 Matar Kawu ta shiga ɗakin Hasiya, ta jawo su daga ƙarƙashin katifa, ashirin da bakwai, ɗaure cikin zane.

"Baba, wasa ne... wasan taubasai..."

"Wasan taubasai a bainar jama'a ake yin sa, a yi dariya a watse. Wannan zuwa ashirin da bakwai kika tanada wa mijin ɗiyar ƙanwata." Ya juya ga Alƙasum. "Kai kuma, in na sake ganin motonka a ƙofata ba da matarka a baya ba, ni da kai ne. Ku tahi. Kaya za su same ku."

Kawu bai ɗauki amalanke ba. Hasiya ya sa ta ɗauki kayan a kanta, daga unguwarsu har gidan hayar, da rana, abu ɗaya a kowace tafiya. Ta yi kwana tara tana yi. Tun daga nan babu wanda ya sake ba ta ajiyar ko cokali a dangi.