Farashin Minti Goma Sha Huɗu

Ƙarfe tara na safiyar Litinin mai kamfanin sayar da batiran sola ya shigo caji ofis yana huci, da takarda a hannunsa.

"Sufeto, an yashe ni. Batir ɗari biyu sun fita daga sitona ranar Alhamis, a kan kuɗin da bai kai na dakonsu ba."

"Fasa siton aka yi?"

"Sayar da su aka yi, da rasit da komai. Ɓarauniyar ma na kawo muku ita, tana bayan kanta. Gobe nake so a kai ta kotu."

Wadda ya kira ɓarauniya dattijuwa ce mai tabarau, an zaunar da ita a kan bencin waɗanda aka tsare. Shekara goma sha tara tana karɓar odar kwastomomi a kamfanin, har ma'aikata suka laƙaba mata Gwaggon Oda.

"Mama, ke kika amince da odar nan?" in ji Sufeto.

"Ni na danna, ɗana. Amma ba ni na sa farashin ba. Tun da aka kawo manhajar nan ba mai sa farashi da hannu. Da na ga batirin dubu ɗari uku ya koma dubu talatin da shida, na tashi da ƙafata na je na gaya wa Injiniya."

"Wane ne Injiniya?"

"Ƙanin mai kamfani. Shi ke kula da kwamfutocin. Ya ce mini, 'Gwaggo, kin fi na'ura lissafi ne? Garaɓasa ce, ki danna.'"

"Akwai wanda ya ji?"

Ta girgiza kai.

Ofishin Injiniya shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya ɗaki a benen kamfanin. Ya tarbi Sufeto da fara'a, ya juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Ni? Ban ma ga Gwaggo ba ranar Alhamis. Tsufa ne, yallaɓai. Ko kuma wani abin."

"Yaya manhajar take fitar da farashi?"

"Ƙa'ida ce guda, ni na rubuta ta. Tana ɗaukar kuɗin da muka sayo kayan na ƙarshe, ta ɗora kashi ashirin cikin ɗari. Dubu ɗari biyu da hamsin ya zama dubu ɗari uku. Duba nan, wata shida ba wanda ya taɓa ƙa'idar. Sunan mutum ɗaya ne a kan odar, nata. Kwamfuta kuwa ba ta ƙarya."

Haka kowa ke faɗa yanzu, har waɗanda ba su yarda da iyayensu ba. Gaskiya ne ba ta ƙarya. Amma duk wanda ya shara mata ƙarya sai ta karɓa hannu biyu, ta buga ta a farar takarda.

Sufeto ya rubuta ƙa'idar a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashin "na ƙarshe".

"Buga mini jerin kayan da suka shigo sito a makon jiya."

"Wannan ai ba ruwansa da..."

"Buga mini."

Layi biyu ne kacal a takardar, duka ranar Alhamis. Ƙarfe ɗaya da minti shida: batir guda, an sayo shi dubu talatin. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin: batir guda, dubu ɗari biyu da hamsin. Odar batir ɗari biyun ta faɗo a tsakaninsu.

A sito Sufeto ya tarar da mai kula da wurin, wani tsoho mai biro a bayan kunne.

"Baba, batir nawa aka kawo maka ranar Alhamis?"

"Ko ɗaya. Mu da kwantena muke saukewa, wa zai kawo batir guda kamar tsaraba?"

"To da lambar sirrinka aka shigar da su."

Tsohon ya soma share gumi. "Ni fa abinci na tafi ci."

"Wa ya loda kayan?"

"Ban gani ba."

"Baba, matar can gobe za ta tsaya a gaban alƙali. In ba ita ba, kai ne."

Tsohon ya jawo littafin ƙofa ya buɗe.

"Lambar nan ni ban ma san ta ba. Injiniya ne ya yi mini ita, shi ke riƙe da ita. Motocin da suka kwashi kayan kuma, ga shi na rubuta, tun sha biyu suka iso."

"Sha biyu? Kafin farashin ya faɗi da awa guda?"

"Shi ya ce in buɗe musu."

La'asar ta yi lokacin da Sufeto ya tara 'yan'uwan biyu a ofishin mai kamfani, sajensa na tsaye a bakin ƙofa. Ya jera takardun a kan tebur.

"Ba ka taɓa ƙa'idar ba, Injiniya, wannan gaskiya ka faɗa. Batir na bogi ka shigar a kan dubu talatin, manhaja ta ɗauke shi a matsayin sayen ƙarshe, ta karya farashin. Aka yi oda, ka sa tsohuwa ta danna, ka shigar da wani batirin ka mayar da farashi. Kamfanin da ya saya kuma, na tambayi ofishin rajista. Da sunan yayan matarka aka buɗe shi."

Injiniya ya juya ga ɗan'uwansa.

"Shekara goma sha biyu, Yaya. Ni na ɗora maka kamfanin nan a kan ƙafarsa, kana ba ni albashi kamar direba. Ka ce za ka ba ni kaso, kullum sai baɗi. To na ɗauki kasona."

"Kuma ka bari a kama Gwaggo?" in ji Sufeto.

"Dole sunan wani ya fito a kan odar."

Mai kamfani ya miƙe. "Sufeto, tsaya. Wannan maganar gida ce. Na janye ƙarata."

"Da safe ba ta gida ba ce. Saje, sa masa ankwa."

Aka sauko da Injiniya ta gaban ma'aikata, kowa ya sunkuyar da kai a kan aikinsa.

A caji ofis aka miƙa wa Gwaggon Oda jakarta da wayarta. Ƙafafunta sun kumbura, da ƙyar takalmin ya shiga. Tana fita suka yi kiciɓis da mai kamfani a bakin ƙofa. Ta tsaya, ta ba shi lokaci, ko zai faɗi abin da ya kamata ya faɗa.

"Gwaggo," in ji shi, "ki taimake ni. Ki ce musu kuskure ne kika yi, ni zan biya lauya. Yaron nan bai saba wahala ba, ba zai iya kwana a wurin nan ba."

Ta cire tabaraunta ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar, ta dube shi da kyau.

"Bencin da tauri, ranka ya daɗe, amma ana iya zama. Na gwada masa shi tun safe."

Ta raɓa ta gefensa ta nufi titi.