'Yar Barnaba ta Jarwal

"Sunan Baba kawai nake so, habibti."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Mairama, ya nutse a tukunyar kunu.

Lurwanu ya yi dariya. Yana tsaye a bakin madafa da sabon harami a hammata, fuskarsa irin ta wanda ya kawo kyauta yana jiran a yi masa kukan murna.

"Na yi wa kaina hajji, na yi wa Abuya mahaifina, na yi wa kakata. Ta bana ta mahaifinki ce, Allah Ya jiƙansa. Gobe idan na ɗaura harami dole in kama sunansa a niyya. Ba zan ce wa Ubangiji 'Malam' kawai ba, malamai sun yi yawa a lahira."

"Yaya Lurwanu..."

"Ita ce gaisuwar surukina, tunda ban same shi na durƙusa ba. Yalla, faɗa mini!"

"Bari... bari in sauke kunun nan. Da yamma."

Ya tafi yana murmushi. Ya ɗauka tausayin maraici ne ya kama ta. Namiji idan yana so, duk shirun mace fassara shi yake yi yadda zai yi masa daɗi.

Uban Mairama bai mutu ba. Sunansa Barnaba, kafinta ne a reluwe ta Kafanchan, kuma dikin ne a majami'ar Baftis, shi ke buɗe ƙofa ranar Lahadi, shi ke gyara bencuna idan sun karye. Uwarta 'yar Musulmin Zariya ce da ta aure shi, danginta suka shafe sunanta. Da ta rasu, yayarta Inna Baraka ta zo karɓar abin da ya rage, wato yarinyar, tana kan hanyarta ta zuwa Makka.

Dikin bai yi faɗa ba. Ya zaunar da 'yarsa a kan bencin da yake fere wa ƙafa.

"A wurinmu ba a tsoma yaro a ruwa sai ya ce da bakinsa yana so," ya ce. "Ban zaɓa miki ba tun farko, ba zan zaɓa miki yau ba."

Ta zaɓi tafiya. Ta gaji da 'yan kasuwa masu kiranta 'yar arna, ga Inna Baraka da awarwaron azurfa. Shi ya ɗauko mata ƙunshinta har tasha.

A gonakin auduga na Sudan, inda suka yi shekaru suna neman guzuri, ta yi shahada da bakinta, kuma da zuciya ɗaya. A nan ne kuma Inna Baraka ta kashe Dikin. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Ubanta malami ne, ya rasu." Mairama ba ta taɓa gyara mata ba. Da suka iso Makka bayan babban yaƙin Turawa, suka kama ɗakin gwangwani a gidan Hajja Rabi a unguwar Jarwal. Inna Baraka ta rasu a ɗakin, Hajja Rabi ta riƙe marainiyar malami don albarka, har ta yarda ɗanta Lurwanu, mai yi wa baƙi jagora a ɗawafi, ya aure ta bayan hajji. Mutanen Jarwal suna mutunta matattu ƙwarai. Masu rai ne ba sa samun sauƙi.

Mutum ɗaya ce ba ta sayi labarin ba: Rumasa'u, 'yar wan Hajja Rabi, wadda ta girma tana ɗaukar Lurwanu a matsayin gadonta.

Akwai abin da jikin Mairama ya ƙi mantawa. Idan aka ajiye abinci, kafin bisimilla ta fito, kanta kan sunkuya, idanunta su rufe. Ɗan lokaci ne ƙanƙani, amma Rumasa'u ba ta da aikin da ya fi kallonta.

"Wa ya koya miki rufe ido a kan tuwo?" ta taɓa tambayarta. "Ko Malam ne?"

Da yammar ranar, Lurwanu da uwarsa suna zaune a tsakar gida, sai ga Rumasa'u ta shigo da wani dattijo, ƙafafunsa duk faso.

"Goggo, na kawo miki baƙo! Baba Tsoho ne, mutumin Kafanchan. Ai can ne garin amaryarmu, ko? Na ce lalle ya san marigayi Malam."

Mairama ta fito da butar shayi, ta tsaya cak.

Ta san shi. Mahauci ne a bakin tasha, shi ke ba ta yankan tsire idan ta kai wa ubanta abinci.

Shi ma ya san ta. Ta ga hakan a idonsa.

"Duba ta da kyau, Baba," in ji Rumasa'u. "'Yar wane malami ce?"

Tsoho ya daɗe yana kallonta. Sannan ya karɓi kofin shayi, ya hura.

"'Yata, ni idona ya mutu tun a tashar jirgin ruwa ta Sawakin. 'Yan mata duk kala ɗaya nake ganinsu."

"Amma ɗazu ka ce mini akwai wata yarinya da aka..."

"Na ce akwai zafi a garin nan. Na taka ƙasa da ƙafata daga Kafanchan don in nemi gafara, ban zo tonon kowa ba."

Lurwanu ya tuntsire da dariya. "Halas, shi ke nan, Rumasa'u! Shaidarki ya makance."

Hajja Rabi ta harari 'yar wanta. An gama. Mairama ta tsira, ba abin da ya rage mata sai ta ƙirƙiro wani suna, Malam Isa ko Malam Hassan, ta miƙa.

Da dattijon ya tashi, ta bi shi da takalmansa zuwa zaure.

"Baba... na gode."

"Ba ni za ki gode wa ba." Ya rage murya. "Duk mai haramar Makka a garinmu, sai Dikin ya zo masa sallama. Ni har akwatin guzuri ya ƙera mini. Ya ce, 'Tsoho, idan ka ga Maryamuna, kada ka gaishe ta a gaban mutane. Kada ka ce ka san ni. Wataƙila ta faɗa musu wani abu dabam, kada ka ba ta kunya. Ka dai duba mini ko tana cin abinci, ka dawo ka gaya mini.'"

Ya sa takalmansa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Zan ce masa kina ci."

Ya fita.

Mairama ta jingina da bango. Ta yi shekaru tana tsoron ranar da ubanta zai ji ta binne shi da rai. Ashe ya riga ya yi zato, har ya aiko a taya ta rufe kabarin.

Ta koma tsakar gida. Lurwanu ya ɗago kai da fara'a.

"To, ya albi, yamma ta yi. Sunan?"

"Barnaba."

"Bar... wa?"

"Barnaba. Ba malami ba ne. Kafinta ne, kuma dikin ne a majami'ar Kirista. Yana nan da ransa."

Kofin Hajja Rabi ya kife.

"Innalillahi! 'Yar Nasara? A gidana? Nan da Ɗakin Allah ko gumi mutum ba ya yi!"

"Ai na faɗa!" Rumasa'u ta tafa hannu. "Goggo, ban faɗa ba?"

"Hajja, ni Musulma ce. Da bakina na yi shahada, ba wanda ya tilasta ni. Shi ne ma ya koya mini cewa da baki ake zaɓa."

"Rufe mini baki! Na riƙa zuba miki nama a kwano don albarkar malami, ashe..."

Lurwanu ya sunkuyar da kai. Yana kallon haramin da ke kan tabarma. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Da kin bar ni na tsaya a Arfa da ƙarya a bakina?"

Ta so ta ce a'a. Amma ƙarya ta ishe ta haka.

"Saura kaɗan, Yaya."

Ya ɗauki haraminsa ya fita. Washegari ya bi ayarin alhazansa zuwa Mina ba tare da ya leƙa madafa ba.

Jarwal ta watse, kowa ya tafi ko ibada ko neman abinci a wurin masu ibada. Hajja Rabi ta ce idan an sauko kada ta tarar da ita. Mairama ta ƙulle kayanta a zani ɗaya, ta zauna a ɗakin gwangwani tana gasuwa. Ba korar ce ke cinta ba. Duk sa'ad da ta rufe ido sai ta ga wani mutum mai garin katako a gira, yana tsaye a tasha, yana roƙon mahauta su yi kamar ba su san shi ba.

Ranar da alhazai suka sauko, ta ji sallama a ƙofarta.

Lurwanu ne, kai a aske ƙwal, wuya ya ƙone da rana.

"Na tambayi wani shehi a Mina," ya ce, ba gaisuwa. "Ya ce ba a yi wa irin mahaifinki hajji. Na ce na sani. Na ce addu'a fa? Ya ce mai rai ƙofarsa a buɗe take."

Ya ci gaba.

"To na yi masa a Arfa. Na ce Allah Ya shirye shi, Ya ba shi lafiya. Sunan ne ya ba ni wuya, wallahi. Sau nawa ina cewa Barbana."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye.

"Na ji haushinki, Mairama. Har yanzu ina ji. A Muzdalifa ina tsintar tsakuwa ina tunanin wa zan jefa, Shaiɗan ko ke."

"Ka jefe ni, Yaya. Na cancanta."

"Uskuti, yi shiru. Baba Tsoho ya ba ni labarin saƙon. Mutumin da zai aiko da irin wannan saƙo, ni ina son zama surukinsa. Kwance kayan nan."

"Hajja fa?"

"Ummi za ta huce, ko ba za ta huce ba."

Ba ta huce ba. Ranar ɗaurin aure ta kulle kanta a ɗaki da ciwon kai. Alƙali ne ya tsaya waliyyi, tunda uba ba zai iya ba, kuma da ya tambayi nasabar amarya, Lurwanu ya faɗa da ƙarfi, ba tuntuɓe: Mairama 'yar Barnaba. Rabin mazauna wurin suka kalli tabarma. Kafin la'asar Rumasa'u ta raba sunan gida gida, ya kuma zauna. Har ta tsufa, matan Jarwal ba su kira ta matar Lurwanu ba, sai 'yar Barnaba, da ɗan murguɗa baki. Ita kuwa tana amsawa tun a kira na farko.

Da Tsoho zai kama hanyar Jidda, suka raka shi bakin unguwa. Lurwanu ya ɗora masa ƙunshin dabino a kan akwatin da Dikin ya ƙera.

"Ka ce masa wani ɗan Jarwal ya ɗauki 'yarsa ba da izininsa ba, yana neman afuwa."

Tsoho ya juyo. "Ke fa? Me zan ce masa?"

Mairama ta shafa murfin akwatin. Ta san wannan sassaƙa, ta san yadda ubanta yake lanƙwasa kan ƙusa don kada ta yagi tufa.

"Ka ce masa ina cin abinci." Ta ɗago kai. "Ka ce masa kuma, duk wanda zai aiko nan gaba, ya gaishe ni a gaban mutane."

Tsoho ya ɗora akwatin a ka ya tafi. Hanyar gida a lokacin shekaru take ci, tana cin tsofaffi ma. Kowace shekara idan baƙi suka sauka a Jarwal, Mairama takan fita da tulun ruwa tana bin zangonsu, tana tambaya da babbar murya ko akwai mutumin Kafanchan, ita ce 'yar Dikin Barnaba.

Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata saƙon ya isa.