Taya Takwas a Mota Ɗaya

Sufeto bai gama haɗiye maganin ciwon bayansa ba aka bugo waya, wai mota ta danne mutum a wani gida bayan kasuwar katako. Ya dubi Saje, Saje ya dubi mukulli, ba wanda ya yi saurin tashi. Aikin ya riga ya cinye musu gaggawa.

A tsakar gidan, motar a-kori-kura ce ta durƙusa ta bayan hagu. Maƙwabta sun jawo mamacin sun lulluɓe shi da zane. Dogo ake ce masa, babban ɗan gidan, shi ke jigilar kaya cikin gari da motar da mahaifinsu ya bar musu, shi da ƙanensa Auta. Kowa ka tambaya sai ya ce tsautsayi ne, jek ɗin da aka ɗaga motar da shi ne ya zame.

Sufeto ya tsuguna da ƙyar. Jek ɗin yana yashe can gindin famfo, inda zamewa ba za ta kai shi ba. Ƙafa uku na motar sanye da sababbin tayoyin kwalta, ta huɗu tana kwance a ƙasa. Jikin bango kuma ga wasu huɗu a jingine, su ma sababbi fil, masu manyan haƙora irin na shiga laka.

"Saje, motar nan ƙafa takwas gare ta ne ban gani ba?"

Saje ya ce shi dai huɗu ya ƙirga.

Mahaifiyarsu tana zaune bakin ƙofar ɗakinta, ido a bushe. Ta ce tana ciki ta ji ƙara. Ta ce 'ya'yanta ba su taɓa sa-in-sa ba, Auta kuwa tun asuba yana gona, an aika a kira shi. Tana maganar tana kallon ƙasa. Sufeto bai matsa mata ba, ya yi mata gaisuwa ya fita.

Daga nan suka nufi shagon da maƙwabta suka ce a can aka sayo tayoyin. Mai taya irin mutanen nan ne da ke rantsuwa kafin a tambaye su. Ya rantse Dogo kaɗai ya sayar wa, bai ma san Auta ba. Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya ce ba komai, yau a nan zai wuni, Saje ya tsaya bakin shago da kakinsa. Da mai saye na biyu ya leƙo ya juya, sai mai taya ya tuna.

"Auta ne ya fara zuwa, ranka ya daɗe. Ya ce damina ta kusa, tayar daji yake so, motar za ta koma ɗaukar taki da amfanin gona."

"Dogo fa?"

"Jiya ya zo a fusace. Ya ce tayar daji gurnani take a kwalta, ga shan mai. Ya ɗauki na kwalta."

"Ka faɗa masa ƙanensa ya riga ya saya?"

"Ya sani. Cewa ya yi Auta ya ɗaura su a keken shanu."

Sufeto ya miƙe yana dafa ƙugu. Ransa ya ɓaci, domin ya fara hango inda zancen ya nufa, kuma ba ya son wurin.

Da suka koma Auta ya dawo, yana zaune cikin masu gaisuwa, hannaye cikin aljihun riga. Sufeto ya kira shi gefe ya miƙa masa hannu. Da ƙyar Auta ya fito da hannayensa. Tafukan biyu duk a tsage suke, yanka miƙaƙƙe daga wannan gefe zuwa wancan.

"Fartanya ce," in ji shi.

"Fartanya kanta take fitar wa mutum a tafin hannu, ba ta yanka shi layi guda a hannu biyu. Wannan bakin ƙarfen mota ne. Ka yi ƙoƙarin ɗaga ta, ko?"

Auta ya sulale ya zauna a ƙasa. Ya ce bai je gona ba. Ya fito ya tarar an ɗaura uku, Yaya yana kwance ƙarƙashi yana duba birki. Ya roƙe shi ko biyun baya a sa nasa, don kada bana ma amfaninsa ya ruɓe a gona kamar bara, lokacin da motar ta kafe a laka. Yaya ya yi dariya daga ƙarƙashin motar, ya ce motar gari ce.

"Jek ɗin na shura, Yallaɓai. Tsoratar da shi na so in yi. Na ɗaga, wallahi na ɗaga, ta ƙi tashi. Inna ce ta ce in fita ta baya."

Saje ya ciro ankwa, ya dubi hannayen, ya mayar da ita aljihu. Ya kama shi ta gwiwar hannu kawai.

Tsohuwar ta biyo su har zaure, mayafinta yana jan ƙasa. Sufeto ya san doka ta ba shi damar tafiya da ita, ya kuma san ba zai yi ba. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, ta riga shi.

"Da safe 'ya'ya biyu gare ni, ɗan nan. Na yi maka ƙarya ne ko zan kwana da ɗaya."

Sufeto ya wuce wurin motarsu. Ya buɗe wa Auta ƙofar baya, ya ce da Saje ya ja a hankali.