Filastar da Ya Sassauta

"Wa ya taɓa filastar nan?" in ji nas ɗin, tana duban cinyata.

Na juya na kalli mijina. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota, nan take na gane.

Cikina ya wuce watanninsa, naƙuda ko alamarta babu. 'Yarmu ta fari da aiki aka ciro ta, don haka likita ta ce ba za a sa mini ruwan naƙuda ba, kada tsohon ɗinkin ya ɓalle. Sai aka saka mini siririyar roba mai ɗan balan-balan a kanta, aka cika shi da ruwa, aka ja robar aka manne ta da filasta a cinyata, don ya riƙa danna bakin mahaifa har ya buɗe. In bai buɗe ba, wuƙa ce kuma. Ni kuwa ba abin da nake so irin in haihu da kaina.

Tun safe nake cije leɓe da azabar nan. Ashe da barci ya ɗan sace ni, bawan Allah ya lallaɓa ya sassauta filastar. Ni kuma na farka garau, har ina murna wai jikina ya saba.

Nas ta duba, ta ce bakin mahaifa yana nan yadda yake. Raina ya yi mummunan ɓaci.

"Wa ya aike ka? Kai ne likitan?"

"Masoyiyata, ko cikin barci nishi kike..."

"Kar ka ƙara ce mini masoyiya! Wahalata ta tun safe ka zubar. In an yanka ni, kai ka jawo."

"Ba zan iya kallon kina shan wuya ba," ya ce. "Wallahi ba zan iya ba."

Haushi ya ƙara turnuƙe ni, don na san gaskiya ya faɗa.

Likita ta amince a sake gwadawa zuwa yamma, daga nan sai tiyata. Nas ta yanko sabuwar filasta, ta ce ya fita waje. Na ce ba inda za shi, shi zai ja robar da hannunsa.

Ya durƙusa gefen gadon, nas tana nuna masa. Ya ja a hankali, ciwon ya soke ni har gadon baya. Hawayensa suka ɗiga a gwiwata.

"Ya isa haka?"

Na damƙi wuyan rigarsa.

"Ƙara ja, abin ƙaunata... ƙara ja."