Shaidan Nomau Na Biyu

Ku matso nan. Uwale, rage fitilar nan, ke kuma Larai ki daina dariya, wannan ba na dariya ba ne. A garin kakarmu aka yi shi, kuma na ga mutumin da kaina yana tsoho.

Sunansa Nomau, tela ne. Allah Ya ba shi ido. Shekara ashirin da biyu shi ne yake fara ganin jinjirin wata a garin, har ya zama in bai ce ya gani ba, ba mai ɗora tukunyar Sallah. Abin ya shiga kansa, gaskiya. Kome aka faɗa masa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni abin da na gani shi na sani."

Al'adar garin ita ce Liman ba ya karɓar maganar mutum ɗaya, sai biyu. Don haka kullum da amininsa Barau suke hawa Dutsen Kuraye. A shekarar nan, ran ashirin da tara ga azumi, zazzaɓi ya kwantar da Barau. Matar Nomau, Tabawa, ta ce masa, "Malam, ka nemi wani mana." Ya ce duk sauran makafi ne da ido buɗe. Ya ɗauki butarsa ya tafi shi kaɗai.

Ya isa saman dutsen rana na shirin faɗuwa. Shiru. Ko kukan tsuntsu babu. Sai ya tarar da wani dattijo zaune a daidai inda Barau yake zama, da farar riga fes, babu ƙura ko a gefenta.

Nomau ya yi sallama. Dattijon ya amsa. Amma bakinsa ya gama motsi kafin muryar ta iso.

"Wata ka zo nema, Malam Nomau?"

"Shi fa, Baba."

"In ka gan shi, ta yaya za ka san shi ne?"

Nomau ya yi dariya. "Ai idona bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Ka taɓa tsoma sanda a ruwa?"

"Na taɓa."

"Me ka gani?"

"Ta lanƙwashe."

"Da gaske ta lanƙwashe?"

"A'a. Na shafa da hannu na ji miƙe take."

"To hannu ya ƙaryata ido. Shi hannun wa ya shaide shi? A mafarki ba ka taɓa riƙe abu ka ji nauyinsa ba?"

Haushi ya kama Nomau. Ya juya yamma ya ƙura ido. Ya duba har hawaye ya zubo. Babu kome sai jan gajimare. Zuciyarsa ta yi nauyi, don bai saba sauka hannu wofi ba.

Dattijon ya zaro ɗan tandun kwalli daga aljihu. "Zo in ƙara maka gani."

Da ya tsaya ya yi tunani, da ya gudu. Amma yana son ya gani. Ya miƙa fuska. Yatsan da ya taɓa shi sanyi ƙalau kamar gindin randa. Yana buɗe ido, ga jinjirin wata nan, siriri, a kwance bisa kan giginya.

"Na gan shi! Baba, kai ma ka gani?"

"Na gani. Mu je in shaide ka."

Suka sauko, Nomau a gaba, dattijon a baya. Takun mutum ɗaya kawai ake ji a kan tsakuwa. Nomau ya lura, amma murna ta hana shi waiwaye.

A ƙofar masallaci jama'a sun sha ruwa suna jira. Nomau ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, mun ga wata."

Liman ya ce, "Kai da wa?"

"Ni da wannan bawan Allah." Ya nuna gefensa.

Liman ya dubi wurin, ya dubi Nomau. A hankali ya ce, "Nomau, babu kowa a nan."

Shi kuwa yana ganinsa sarai, har da zanen zaren da ke wuyan rigarsa. Dattijon ya yi masa murmushi. Daren nan ba inda aka ga wata a duk ƙasar. Aka cika talatin.

Aka yi masa rubutu, aka wanke idon, aka yi addu'a kwana bakwai. Dattijon ya ɓace, bai sake ganinsa ba. Kowa ya ce an warke. Amma ba a warke ba. Ba hauka ya yi ba, ku gane, lissafinsa daidai, sallarsa a kan lokaci, zare ma yana zura shi a allura. Yarda ce ta fita daga ransa. In mutum ya kawo ɗinki, sai ya tambayi na kusa, "Kai ma kana ganinsa?" In aka ce e, sai ya ƙura wa mai amsar ido. Tabawa ta yi kuka har ta gaji. Takan kama hannunsa ta ɗora a fuskarta, ya ce, "Na ji ki. Wancan ma na ji yatsansa."

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da 'yarsa Hansai ta zo da jaririnta na fari daga garin mijinta. Ta durƙusa a gabansa ta miƙa masa. "Baba, ga mai sunanka."

Ya kalli yaron. Yana so, wallahi kowa ya ga yana so. Ya juya ga mutanen da suka cika zauren.

"Kuna ganinsa?"

"Muna gani, Malam. Karɓe shi."

Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To ku fa, wa zai shaide ku?"

Hansai ta daɗe da hannu a miƙe, har ya gaji ta janye. Shekara tara ya ƙara a duniya, bai taɓa ɗaukar yaron ba.

Don haka in almuru ta yi, kada wadda ta kuskura ta hau dutsen nan ita kaɗai. In kuwa kika tarar da wani a can ya fara yi miki tambaya, kada ki tsaya neman amsa. Ki kama hanyar gida tun kina gane mutanen cikinsa.